An Yanka Saniyar? Tarihin Ƙashin Aro a Muƙamuƙin Ɗan Adam

Kawuna ɗan Kasuwar Singa ne tun ina goye. Katan-katan yake sayar da alawa da biskit da cingam, kuma 'yan sari daga Maraɗi da Damagaram sun san ƙofar shagonsa kamar yadda suka san ta gidajensu. A tsawon shekarun da ya yi a kasuwar, turamen haƙoransa na sama na ɓangaren dama sun tafi ɗaya bayan ɗaya: wannan ya yi kogo aka cire, wancan ya yi girgiɗi ya faɗi da kansa. Da giɓin ya kai ga hana shi taɓa nama a gaban baƙi, sai ya yanke shawarar a dasa masa haƙora irin na zamani, waɗanda ake kafawa a kan ƙusar ƙarfe a cikin ƙashi.

Ni na raka shi wani asibitin haƙori mai zaman kansa a Abuja. Likitan ya ɗauki hoton muƙamuƙinsa, ya juyo mana da fuskar kwamfuta, ya nuna wani siririn farin layi da bakin biro.

"Alhaji, dashen zai yiwu, amma ba yanzu ba. Ƙashin da ya rage a nan bai kai milimita uku ba. Sai mun ƙara ƙashi tukuna."

"Ƙashi kuma? A ina za ku samo shi, likita?"

Likitan ya lissafa masa hanyoyi huɗu: a ɗebo daga jikinsa, ko a yi amfani da na wani mutum da ya rasu ya bar wasiyyar a amfana da shi, ko na saniya da aka sarrafa a Turai, ko kuwa wanda aka haɗa da sinadarai a masana'anta. Ya ƙara da cewa na saniya shi ne ya fi yawa a hannun likitoci. Kawu ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, sannan ya ce:

"To ita saniyar, an yanka ta?"

Likitan ya yi murmushi, ni ma na danne dariya. Sai da na dawo Kano na shiga karatu a kan lamarin na gane cewa tambayar Kawu ta girmi mu duka. Fiye da shekara 350 ke nan mutane suna yin irinta, kuma ƙoƙarin amsa ta na daga cikin abin da ya tura ilimin ɗorin ƙashi zuwa inda yake a yau.

Kogon da ke saman turame

Mai karatu ya ɗora yatsa a kuncinsa, ƙasa da ido, gefen hanci. A bayan wannan ƙashin akwai kogo mai cike da iska, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne zai ɗauki kimanin cokalin cin abinci guda na ruwa. Shi ne yake yi wa mutum nauyi idan mura ta yi tsanani. Leonardo da Vinci ya zana shi a ƙarshen ƙarni na 15, sannan wani likitan Ingila, Nathaniel Highmore, ya yi cikakken bayaninsa a 1651, har aka daɗe ana kiran kogon da sunansa. Cikinsa a lulluɓe yake da wani tantani mai laushi, wanda kaurinsa bai cika wuce na tantanin dafaffen ƙwai da yawa ba.

Daɓen wannan kogo shi ne rufin saiwoyin turamen sama. Muddin haƙori yana wurin yana tauna, ƙashin da ke riƙe da shi yana samun motsi, jiki kuma yana ci gaba da ciyar da shi. Da zarar an cire haƙorin, sai jiki ya ɗauka cewa ƙashin ba shi da sauran aiki, ya fara janye shi. Faɗin wurin kan iya raguwa da kusan rabi a shekarar farko kaɗai. Ta sama kuma kogon iskar yana ƙara faɗaɗa yana gangarowa. Ana ci ta ƙasa ana ci ta sama, har abin da ya rage ya zama ɓawo. Ƙusar dashe kuwa tsawonta yakan kama daga milimita 8 zuwa 12. Wanda ya murɗa ta a ƙashi mai milimita 3 ya huda kogo ne kawai, ƙusar tana lilo a cikin iska.

Matsalar ke nan a taƙaice. Sai dai ba ta zama matsala ba sai da aka sami ƙusar da ƙashi zai yarda ya riƙe.

Ƙarfen da ya ƙi fita

Neman abin da zai cike giɓi tsohon buri ne. A 1931 aka tono wani muƙamuƙin ƙasa a Honduras, na mutanen Maya, wanda ya kai kimanin shekara ta 600 Miladiyya, da ɓawon kifin teku guda uku da aka sassaƙa aka soke a gurbin haƙora. An daɗe ana zaton ado ne aka yi wa gawa, sai a 1970 hoton ƙashi ya nuna cewa sabon ƙashi ya tsiro a gefen ɓawon, wato mai shi yana raye aka saka masa. A Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan tiyata na Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif a kan ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya, da kuma sassaƙa madadin haƙori daga ƙashin sa. A nan gida ma mun san haƙorin Makka, ko da yake shi kwalliya ce da ake rufa wa haƙorin da ke da saiwarsa.

Duk waɗannan dabaru sun tsaya a waje ɗaya: jiki yana korar baƙo. Ƙarfen da aka soke a ƙashi yakan yi ruwa, ko nama ya naɗe shi ya dinga motsi. Canjin ya zo ne daga Suwidin a farkon shekarun 1950. Wani matashin likita, Per-Ingvar Brånemark, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ɓargo, sai ya kafa wani ɗan bututun leƙe na ƙarfen titaniyam a ƙashin ƙafar zomo. Da ya gama ya zo cire kayansa, ƙarfen ya ƙi fita. Ƙashi ya manne masa, babu nama a tsakani. A 1965, a birnin Gotenbag, ya dasa irin wannan ƙusa a muƙamuƙin wani mutum mai suna Gösta Larsson, wanda ya rayu da su har ya rasu a 2006. Likitocin haƙori sun daɗe suna yi wa aikin kallon hadarin kaji, sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta Kanada a 1982 duniya ta karɓa.

Amma yawancin nasarorin farko a gaban muƙamuƙin ƙasa aka same su, inda ƙashi ke da tauri da kauri. Bayan muƙamuƙin sama, wurin da Kawu ya rasa turamensa, shi ne ya gagara. Dole aka koma ga wani ilimi da ya girmi dashen haƙori da ƙarnoni, wato ilimin aron ƙashi.

Ƙashin kare da ƙashin yara

Labari mafi daɗewa da littattafan tiyata ke maimaitawa ya fito ne a 1668, a littafin wani likitan Amstadam, Job van Meekeren, wanda aka buga bayan rasuwarsa. Ba shi ya yi aikin ba, labari ne ya iso masa daga Rasha: an sari wani mayaƙi da takobi a ka, wani likita ya toshe ramin da guntun ƙoƙon kan kare, kuma ya warke. Da malaman coci suka ji, sai suka ce ba zai sake shiga cikinsu ba muddin akwai ƙashin kare a kansa. Mutumin ya koma a cire, aka tarar ƙashin ya riga ya haɗe da nasa. Ko labarin ya faru yadda aka faɗa ko an ƙara masa gishiri, abin lura shi ne tun a shafin farko na wannan tarihi tambayoyi biyu suka zo tare: zai kama? Kuma ya halatta?

Amsar ta farko ta fara fitowa a ƙarni na 19. Louis Ollier na birnin Liyon a Faransa ya wallafa babban aikinsa a 1867, inda ya nuna ta gwaji a kan dabbobi cewa fatar da ke manne da bayan ƙashi tana iya haifar da sabon ƙashi, kuma ƙashin mai jiki shi ya fi kamawa. A Gilasgo ta Sikotilan, wajen 1879, William Macewen ya karɓi wani ƙaramin yaro da ciwo ya cinye masa mafi yawan ƙashin damtse. A asibitin nan kuwa ana miƙe wa yara masu gwame ƙafa ta hanyar yanke ɗan guntun ƙashin ƙwauri. Macewen ya tara waɗannan guntaye da za a zubar, ya jera su a damtsen yaron. Hannu ya tsira, kuma bayan shekara talatin likitan ya ba da rahoton cewa mutumin yana aikin ƙarfi da shi.

Wasu kuma suka bi ta wajen abin da ba na mutum ba. A 1889 Nicholas Senn a Amurka ya jiƙa ƙashin sa a ruwan asid ya cusa a ramukan ƙashin marasa lafiya. A 1892 wani Bajamushe, Dreesmann, ya cike irin waɗannan ramuka da farar filastar da ake ɗaure karaya da ita. A 1920 Fred Albee ya gwada gishirin kalsiyam da fosfet, wato sinadaran da ƙashi kansa ya ƙunsa. A 1949 rundunar sojan ruwan Amurka ta buɗe rumbun adana ƙashi da sauran sassan jikin mamata a Bethesda, wanda ya zama abin koyi ga irinsa a duniya.

A cikin waɗannan shekaru aka fahimci wani abu da maɗoran gargajiya ma sun sani a aikace: maɗori ba ya haɗa ƙashi, yana daidaita shi ne ya ɗaure da karare, jiki ya yi sauran. Ƙashin aro ma haka yake. Mafi yawansa matacce ne. Jijiyoyin jini ne ke kutsawa cikinsa, wasu ƙwayoyin halitta suna gaigayar tsohon, wasu suna shimfiɗa sabo a gurbinsa. A 1965 Marshall Urist na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalas ya ƙara wani mataki: ya cire wa ƙashi gishirinsa, ya binne abin da ya rage a cikin tsokar dabba, inda babu ƙashi ko kusa, sai ga sabon ƙashi ya fito. Ashe akwai wani furotin a cikin ƙashi da ke kiran ƙwayoyin jiki su rikiɗe su zama magina.

Daga nan likitoci suka sami ma'auni uku da suke auna kowane ƙashin aro da su. Manomi zai gane su da sauri. Akwai iri, wato ƙwayoyin halitta masu rai da za su tsiro da kansu. Akwai taki, wato furotin ɗin da Urist ya gano. Akwai kuma rumfar da duma ke bi ya hau, wato ƙirar da ke riƙe wuri har sabon ƙashi ya cika shi. Ƙashin mai jiki ne kaɗai ya haɗa ukun.

Taga a jikin kunci

A tsakiyar shekarun 1970 wani likitan haƙori Ba'amurke, Hilt Tatum, ya fara nuna wa abokan aikinsa wata dabara. Maimakon a nemi ƙara ƙashi ta cikin baki, inda wuri ya yi kaɗan, a ƙara shi ta cikin kogon. Ana ɗaga dasashi, a buɗe 'yar taga a bangon ƙashin kunci, a ɓanɓare tantanin a hankali a tura shi sama ba tare da an yaga ba, sai a cika sararin da ya buɗe a ƙarƙashinsa da ƙashin aro. Tatum bai buga aikinsa ba sai 1986. Waɗanda suka riga shi zuwa ɗab'i su ne Philip Boyne da Robert James na Jami'ar Loma Linda, a 1980, kuma abin da suka zuba shi ne ƙashi da ɓargon da suka ɗebo daga ƙugun mara lafiyar.

A wannan shekara ta 1980, a cikin mujallar tiyatar baki ta Amurka da ta buga aikin Boyne da James, an buga wani rahoto daga Kaduna. E. O. Adekeye na sashen tiyatar fuska da muƙamuƙi na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bayanin marasa lafiya 109 'yan Nijeriya masu wani ƙari da ke cin muƙamuƙi, irin wanda sau da yawa sai an yanke ƙashin gaba ɗaya. Wannan shi ne ainihin tarihin aron ƙashi a arewacin Nijeriya. Likitocinmu sun ƙware a ɗebo ƙashin ƙugu ko na haƙarƙari su gina wa mutum haɓa bayan an cire ƙari, ko bayan haɗarin mota. A Sakkwato, asibitin yara masu cutar noma da aka buɗe a 1999 yana gyara fuskokin da cutar ta cinye, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. A can ana neman milimita bakwai domin a dasa turmi, a nan ana neman rabin fuska domin yaro ya iya haɗiye kunu. Ilimin ɗaya ne, buƙatar ce ta bambanta.

Ɗebo ƙashin ƙugu kuwa tiyata ce ta biyu: a sa mutum barci, a kwantar da shi, ya yi kwanaki yana ɗingishi. Wanda aka cire wa ƙari zai jure. Wanda haƙori uku kawai yake nema zai ce a bar shi da giɓinsa. Wannan ne ya buɗe kasuwar ƙashin kwalba.

Daga kwata zuwa kwalba

Kamfanin da ya fi cin wannan kasuwa asalinsa masu dafa gam ne. Geistlich ya fara a 1851 a yankin Zurik na Siwizalan, yana sayen ƙashi da fata daga mahauta yana dafa su. A shekarun 1980 Peter Geistlich ya haɗu da Boyne ɗin nan da muka ambata, suka nemi hanyar da za a wanke ƙashin saniya da zafi da sinadarai har kitse da furotin su fita, a bar farin gishirin kaɗai da ramukansa na asali, waɗanda suka yi kama da na ƙashin mutum. Abin da ya fito shi ne Bio-Oss, wasu fararen tsaki kamar ɓarzajjen gero. Ba shi da iri, ba shi da taki, rumfa ce zalla. Amfaninsa shi ne ba ya saurin narkewa, har an sha ganin ɓurɓushinsa cikin sabon ƙashi bayan shekara goma, don haka wurin da aka ɗaga ba ya komawa.

Sai ga cutar haukan shanu ta ɓulla a Birtaniya a 1986, kuma a 1996 gwamnatin ƙasar ta amsa cewa tana iya kama mutum. Tun daga nan asalin saniyar ya zama abin bincike: daga wace ƙasa take, wane ɓangaren jikinta aka ɗauka, wane zafi aka gasa shi. Kamfanin yana sayen ƙashinsa ne daga Ostireliya, inda cutar ba ta taɓa ɓulla ba. Ashe hukumomin Turai ma tambayar Kawu suke yi, da nasu dalilin.

Ƙashin mamata yana zuwa ne daga rumbunan adanawa, bayan an gwada jinin mai shi, an daskarar da ƙashin an busar. Idan an cire masa gishiri yakan riƙe ɗan takin Urist. Na masana'anta kuwa iri-iri ne. Akwai gishirin kalsiyam da fosfet, jikan gwajin Albee, wani mai saurin narkewa wani mai jinkiri, har ana gauraya su. Akwai wanda aka sarrafa daga murjanin teku tun shekarun 1970. Akwai kuma gilashin da Larry Hench ya haɗa a Jami'ar Fulorida a 1969, bayan wani kanar da ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya tambaye shi a cikin motar bas ko ba za a iya ƙera abin da jiki ba zai kora ba. Shi kuwa furotin ɗin Urist, an iya haɗa shi a ɗakin gwaji, kuma Amurka ta amince a yi amfani da shi a kogon kunci a 2007, sai dai tsada da kumburin da yake jawowa sun taƙaita shi.

Wanne ya fi? A 1996 ƙwararru suka taru a jihar Masacusets suka zube bayanan aiki sama da 1,000 da dashe kusan 3,000. Kimanin kashi 90 cikin 100 na dashen da suka yi shekara uku ko fiye suna nan daram, kuma kayan aro iri-iri sun ba da sakamako mai kyau. Bayan haka abin mamaki ya zo daga Umeya ta Suwidin a 2004: Stefan Lundgren da abokan aikinsa suka ɗaga tantanin, suka kafa ƙusoshin suka zama kamar dirkokin rumfa, ba su zuba komai ba. Jini ya cika wurin ya daskare, bayan watanni ya zama ƙashi. Kogon da kansa yana son ya yi ƙashi, wuri kawai yake nema a riƙe masa. Tun 1994 ma Robert Summers ya nuna cewa idan ƙashin da ya rage ya kai milimita biyar ko shida, ana iya tura daɓen sama ta ramin ƙusar ba tare da buɗe taga ba. A yau kuma akwai gajerun ƙusoshi masu milimita shida da ke raba wasu da aikin gaba ɗaya. Abin da ya fi jawo faɗuwar aiki shi ne yagewar tantani, shan taba, ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, da dasashin da ke ruɓa.

Hukuncin ƙashi

Malaman fiƙihu ba su jira zuwan titaniyam ba. Hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin jahiliyya ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da sa na zinariya, shi ne tushen da ake kafa hujja da shi a kan gyaran jiki da baƙon abu. A mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, ƙashin mushe najasa ne, kuma Mukhtasar na Khalil ya jera shi tare da ƙaho da kofato. Hanafawa suna ganin ƙashin mushe mai tsarki ne, ban da na alade. Imam Nawawi na Shafi'awa, wanda ya rasu a 1277, ya tattauna mas'alar mutumin da aka ɗora wa karaya da ƙashi mai najasa, ya ce yana da uzuri idan ba a sami mai tsarki ba. A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar wani sashe daga jikin mutum zuwa wani wuri a jikinsa, da kuma ɗauka daga mamaci idan shi ko magadansa sun yarda, ta kuma hana sayarwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Nijeriya ita ma ta hana cinikin sassan jikin mutum.

Sauran mahawarar tana kan rikiɗa: ƙashin da aka gasa har ya koma farin gishiri, shin yana nan a matsayin ƙashin mushe, ko ya zama wani abu dabam? Malamai sun saɓa, kuma ba aikin ɗan jarida ba ne ya raba gardamar. Aikina shi ne in faɗi abin da ba a cika faɗa wa mara lafiya ba. Bayan an zuba ƙashin, ana yawan rufe tagar da wani ɗan tantani mai narkewa, kuma mafi shahara a cikinsu, irin su Bio-Gide, daga jikin alade ake yin su. Akwai ma ƙashin aro na alade da na doki a kasuwa. Akwai kuma madadinsu na shanu da na masana'anta. Wanda bai tambaya ba, ba lalle ne a gaya masa ba.

Tsakanin Singa da Abbatuwa

Daga shagon Kawu zuwa Abbatuwa ta Ƙofar Mazugal tafiyar 'yan mintuna ce a Adaidaita Sahu. Kullum ana yanka shanu da raƙuma a can, da bisimilla, a hannun mahautan da suka gaji sana'ar. Ƙashin da ya rage ana tara shi, a ƙone, a niƙa, a zuba a abincin kaji. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya injiniyoyi sun riga sun buga bincike a kan fitar da wannan farin gishiri daga ƙashin shanu da na tarwaɗa. Tsakanin ɗakin gwaji da bakin mara lafiya akwai doguwar hanya: garken da aka san lafiyarsa, masana'anta mai tsabta, gwaji a kan dabba sannan a kan mutum, da rajistar NAFDAC. Amma Geistlich ma daga tukunyar gam ya fara. Ranar da aka sami kwalbar da ke ɗauke da sunan mayankar da aka yanka saniyar, tambayar Kawu ta amsa kanta, kuma farashin ya daina bin dala.

Ɗaya ɓangaren labarin kuwa a Singa yake, inda tireloli ke sauke buhunan sukari na Dangote da BUA, da katan-katan na lemon kwalba da alawa, a rarraba su har Nijar da Chadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana. Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021. Jami'ar Bayero tana yaye likitocin haƙori tare da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma akasarin masu zuwa wurinsu sai ciwo ya hana su barci suke zuwa, lokacin da cirewa kaɗai ta rage. Turmin da aka cike da wuri ba ya buƙatar ƙashin kowa.

Kawu ya kai maganar gaban malaminsa bayan sallar Asuba, ya kuma koma wa likita da tambayoyi uku a rubuce a bayan rasit: daga jikin me aka samo ƙashin, daga jikin me aka samo tantanin, kuma akwai madadi? Aka daidaita a kan na masana'anta. Sai dai gwajin jini ya nuna sukarinsa ya hau, likitan ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya sauka. Wata uku ya yi yana shan shayi ba sukari a tsakiyar kasuwar sukari, yaran shago suna yi masa dariya a ɓoye.

An yi aikin kafin azumi. Yanzu yana wata na biyar cikin takwas da aka ce ya jira kafin a kafa ƙusoshin, yana tauna da hagu, an kuma hana shi fyace hanci da ƙarfi a makonnin farko, abin da ya ce ya fi komai wuya. Da na je gaishe shi makon jiya, na tarar jikarsa ta miƙa hannu cikin buɗaɗɗen katan. Ya ba ta alawa ɗaya, ya karɓe biyu, ya juyo wurina.

"Ɗan nan, ka ce Turawan nan daga dafa gam suka fara?"

Na ce masa haka ne, Kawu.

"To idan ka rubuta, ka kai wa Sarkin Pawa kwafi ɗaya."